Jar Masarar da Na Aika Gozaki

Alhamis, bayan la'asar

Asma'u ce ke rubutawa, matar autana Awaisu. Malamar firamare ce, ita ce mai boko a gidan nan. Ni ce Ummukulsum, ko da yake a unguwar nan ba mai kirana da shi, Gwaggo kowa ke cewa. Ni zan faɗa, ita ta sa a takarda. Na ce ta rubuta ne don in wani abu ya faru a san yadda aka yi.

Fara da wannan, Asma'u. Ban yi da gangan ba. Kin sa? To.

Tun da aka fara maganar ciwon ɓeran nan a rediyo, gwamnati ta tasa ɓerayen Funtua a gaba. An kwashe bolar bayan gidanmu, wadda ta girmi 'ya'yanki. An yashe kwata, an hana shanya a bakin titi. Duba-gari suna bi gida-gida da safar hannu da abin rufe hanci. Ni ban ga laifinsu ba. Garin hatsi ne, wani ɓeran ya kai ɗan kyanwa, ka yi masa tsawa ya tsaya yana kallonka.

Ɗazu da azahar ɗaya daga cikinsu ta shigo, Sa'adiya, doguwar nan mai littafi. Ke kina makaranta. Muka gaisa, na tura mata kujera, ba ta zauna ba.

Ta ce, "Gwaggo, ina kuka zuba naku?"

Na ce, "Namu me, 'yar nan?"

"Maganin ɓera mana. Jar masarar nan da muka raba ranar Asabar. Ɗanki ne ya karɓa, ga sa hannunsa."

Jar masara.

Bakina kuwa ya riga hankalina, na ce, "Mun zuba."

Ta leƙa bayan randa, ta leƙa ɗakin ajiya. Ta ce, "Maƙwabtanku tun shekaranjiya suke kwasar mushe, ku ko ɗaya?" Na ce wataƙila namu can suka je suka mutu. Ta yi dariya, ta ce ɓerayenmu akwai kunya. Har ta kai zaure ta juyo, ta ce a kula da yara da kaji. Wai abin ba ya kisa nan take, shi ya sa ɓera ba ya gane shi. Kwana uku, huɗu, har biyar lafiya lau, sannan jini ya tsinke, ya riƙa fita ta hanci, ta dasashi, ya ƙi tsayawa. Ta ce mutum ma haka.

Mutum ma haka.

Daina kallona, ki rubuta.

Ranar Asabar ɗin nan muna Danja ni da ke, wurin sunan ƙanwarki. Kafin mu dawo Awaisu ya ɗauki lodi a babbar motarsa ya yi Kudu. Lahadi da sassafe na fito alwala, na ga baƙar leda rataye a ƙusar ƙofar ɗakina, can sama. Na sa sanda na sauko da ita. Masara ce, manyan ƙwayoyi, an rina su ja. Ni shinkafar ɓera na sani, 'yan ƙanana baƙaƙe. Jar masara kuwa, tun da nake, abu ɗaya na san ta da shi: iri. Bara ma haka aka raba mana irin gwamnati, ja, a leda. Na ce Allah sarki, an sake tunawa da mu. Ni ba gona gare ni a Funtua ba. Ƙanena Mati ne ke noma a Gozaki, can garinmu, kuma ya gaya mini bana ƙwari sun ɓata masa iri. Na san Lawal direba yana lodi a tasha. Na kai masa da hannuna, na ce ya kai wa Mati.

Yau kwana huɗu.

Kada ki yi kuka ki ƙara tsorata ni. Nemo lambar Lawal.

Alhamis, bayan magariba

Wayar Lawal ba ta shiga. Sake gwadawa.

Ran nan tafin hannuna ya yi ja, na wanke na ci abinci. Yanzu ma in na duba sai in ga kamar jan yana nan.

Juma'a, da hantsi

An samu Lawal, alhamdu lillahi. Yana Gozaki, ya kai wa Mati wayar har gida. Mati kunnensa ya yi nauyi, sai an ɗaga murya, ni kuma ba na son maƙwabta su ji. Na shige ƙuryar ɗaki na rufe ƙofa. Kin taɓa ganin an yi ihu a ɓoye? Yau na yi.

Na ce, "Mati! Masarar nan kada ka taɓa ta!"

Ya ce, "Ta iso, Yaya, na gode! Iri mai kyau!"

"Ba iri ba ce! Guba ce!"

Sai da Lawal ya karɓa ya faɗa masa a kunne. Can Mati ya ce, "Yaya, ai na raba."

Na san zai raba. A garinmu ba a hana iri. In sabon iri ya shigo gida, maƙwabcin gona sai ya samu, ko da cikin tafi ɗaya ne, haka muka taso. Nasa rabin yana cikin tulu bai taɓa ba, yana jiran ruwa. Ɗaya rabin ya bai wa Amos, wanda gonarsu ke iyaka ɗaya.

Amos mijin Atu.

Rubuta wace ce Atu, don mai karantawa ya sani. Ƙawata ce tun muna 'yan mata. Tare muke zuwa rafi, tare ake yi mana kitso. Ita ta ci tuwon sallarmu, ni in ci shinkafar Kirsimetinsu. Duk duniya ita kaɗai ta rage mai ce mini Ummu.

Juma'a, bayan la'asar

Lawal ya bugo. Amos ya ce Atu ya bai wa ta ajiye. Atu kuma ta ce ta yi binne da ita a bayan gida tun ranar Laraba, wai a gaya wa Ummu ta kwantar da hankalinta.

Na ga kin yi ajiyar zuciya, Asma'u. Ke 'yar gari ce.

Binne fa aka ce. Gero ake yi wa binne, a sa shi a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. Masara in ka binne ta ruwa bai sauka ba, gara da zabi ka yi wa abinci. Atu ta fi shekara hamsin tana riƙe da fartanya. Ba za ta yi wannan ba.

Na ce a ba ta wayar. Aka ce tana aiki.

Asabar, da rana

Ba abin rubutawa. Rufe littafin.

Lahadi, da hantsi

Lawal ya kawo rabin Mati, ɗaure a ledarsa. Ya miƙo mini, na ce ya ajiye a ƙasa.

Kin ce mu kai wa Sa'adiya mu faɗa mata gaskiya. Na ce a'a. Rubuta dalilina, kada a ce taurin kai ne. Sunan Awaisu ne a littafinsu, sa hannunsa ne. In aka ce gubar gwamnati ta bar gidan nan ta shiga ƙauye, wa za a nema? Tsohuwa? Shi za a tare a hanya. Ni ban taɓa shiga ofis ba, ban san abin da ake yi wa mutum a ciki ba.

Jiya da kika samu Awaisu a waya ya ce, "Gwaggo, ai don yara na rataye ta sama!" Na ce ka kare yara, ka manta da tsohuwa. Bai yi dariya ba. Ni ma ban yi ba.

Ke kika sa leda a hannu kika zuba ta bayan ɗakin ajiya, kika kifa fasasshen kasko a kai, kika bar kafa. Yanzu mu ma ɓerayenmu za su mutu kamar na mutane, Sa'adiya ta samu abin rubutawa. Na ji daɗin haka. Wannan ma ki sa. Na ji daɗi, Allah Ya yafe mini.

Talata, bayan azahar

Zauna, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Shekarar da na je gida wankan jegon ɗana na fari, an yi yunwa a Gozaki. Lokacin ne aka fara kawo jan irin nan. Wata rana na zaga bayan gidan su Atu in aro turmi, na same ta tsugune da ƙwarya. Jan iri ne a ciki, tana cuɗa shi da toka, tana zubar da ruwan. Ruwa bakwai ta yi masa. Ta shanya, ta daka, ta dama. Ta ce mini, "Ummu, in kika faɗa, ni da ke har abada." Kin san a ƙauye a ce mace ta ci irin mijinta, abin gori ne har jikoki. Ciki kawai ya murɗa mata kwana biyu, ta warke. Ta ce ashe jan a baya yake, wanki na fitar da shi.

To yanzu ƙarshen bazara ne. Bara gonarsu ba ta yi ba. 'Ya'yansu duk suna birni, kowa da nasa.

Jiya na aika Lawal ya faɗa mata a fili, in ta ci ta faɗa, akwai abin da za a yi. Kin ji amsar. Wai, "Ummu don ta zauna a Funtua ta ɗauke ni mayunwaciya?"

Wataƙila ni ce mai mugun zato. Wataƙila ta binne ɗin. Mutum in ya tsufa yana canzawa.

Wancan wurin na toka, ki rubuta shi ƙanana.

Laraba, da hantsi

Ɓera ya fito tsakar gida da rana tsaka. Ba ya gudu. Yana tafiya a hankali kamar tsoho, ya nufi bakin kwata wurin ruwa. Na tsaya a kansa bai kula ni ba. Akwai jini a hancinsa, ɗigo ɗaya, sai wani ya biyo.

Ban iya karyawa ba. Ɗauke kunun nan.

Alhamis, da azahar

Lawal bai bugo ba, da ƙafarsa ya zo. Tun daga sallamarsa na sani.

Tun ranar Litinin Atu ke haɓo, tana toshewa da tsumma, ba ta gaya wa kowa ba. Jiya ta faɗi a bakin murhu. Dasashinta jini, hannuwanta duk shatar baƙi kamar an doke ta. An kai ta asibiti Malumfashi. Da suka ga jini ta hanci ta baki, sai suka ce kada ya zama ciwon ɓeran nan ne. An killace ta, ba mai shiga. An ɗebi jininta an aika gwaji wani gari, sai an yi kwanaki. A Gozaki kuwa ko gaisuwa ba a shiga gidan Amos.

Na ce, "Lawal, jikinta da zafi?"

Ya ce, "Amos ya ce ba zafi."

Na ce, "An gaya wa likitoci maganar masara?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Gwaggo, ita ta ce ta binne. Ni kuma in je in ce me? In ce a motata aka kai guba?"

Kowa yana tsoro. Shi yana tsoro, ni ina tsoro, ita tana kunya. Likitoci kuma suna can suna neman ciwon da ba shi ba ne.

Ba ni ruwa. A'a, bar shi.

Alhamis, bayan la'asar

Yau Asma'u ta ɗaga mini murya. Shekara goma sha ɗaya tana gidan nan ba ta taɓa ba. Rubuta da hannunki, kada ki rage komai.

Ta ce, "Gwaggo, ki tashi mu je."

Na ce bari in yi tunani. Na ce a jira Awaisu. Na ce in ba masarar ba ce fa, mun tona wa kanmu asiri a banza, mun tona na Atu.

Ta ce, "Asirinta za ki rufe ko ita za ki rufe?"

Ta zari hijabi ta fita ita kaɗai. Ta dawo ta ce an tashi, ofishin a kulle.

Da na miƙe tun azahar da mun same su. Tun azahar nake zaune a tabarmar nan ina juya hannuna. Yini guda na ci wa Atu, ita da ba ta da na bayarwa.

Juma'a, bayan magariba

Yanzu muka dawo. Ƙafafuna kamar ba nawa ba, amma rubuta tun ban manta ba.

Kafin su buɗe ina ƙofar ofishin, ni da ke. Sa'adiya ta sauka daga keke ta gan ni, ta ce, "A'a, Gwaggo, ko ɓerayen sun daina kunya?"

Na durƙusa. Ta ce in tashi, na ƙi. Na ce, "'Yar nan, ƙarya na yi miki. Ban zuba ba. Na ɗauka iri ne na aika ƙauye, ga wata can Malumfashi tana zubar da jini. Ku kama ni, ku bar mini ɗana, shi rataye ta kawai ya yi."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta ce, "Tun yaushe kika sani?"

Na ce, "Tun ranar da kika zo."

"Kwana takwas, Gwaggo? Kwana takwas kina zaune da wannan?" Ta kama hannuna ta ɗaga ni da ƙarfi, har kafaɗata na ciwo. Ta ce, "Wa ya ce miki mutane muke kamawa? Ɓera muke kamawa!"

Ta shiga da gudu, ta yago takardar da ke jikin buhun maganin, mai sunansa. Ta yi ta buga waya. Muka hau bas mu uku. Hanyar Malumfashi ban taɓa ganin tsawonta ba sai yau. Duk inda direba ya tsaya ɗaukar mutum, sai in ji kamar in fita in tura motar.

A asibiti wani likita ya fito mana, ya karanta takardar, ya dube ni. Ya ce, "Hajiya, kin tabbata ta ci? Mun tambaye ta ko ta sha wani abu, ta ce a'a."

Nan ne wurin, Asma'u. Shekara hamsin ina riƙe da maganar nan.

Na ce, "Ta ci. Da toka take wankewa, ruwa bakwai. Ta taɓa yi, a gabana."

Ya ce nawa ce masarar, na nuna masa da hannu, kamar rabin tiya. Ya ce akwai allurar da ake yi wa wannan, amma ta zubar da jini da yawa, sai an ƙara mata. Na miƙa hannuna, ya ce nawa ba zai yi ba, na tsufa. Lawal ne ya bayar. Ashe ya biyo mu a baya. Allah Ya saka wa yaron mutane, duk da furfurarsa yaro ne a wurina.

Amos yana zaune a gindin bishiya shi kaɗai, mutane sun ba shi fili. Na je na zauna kusa da shi.

Ya ce, "Ummukulsum, ki matsa, an ce ana ɗauka."

Na ce, "Ba shi ba ne, Amos. Masarata ce."

Ya ce, "Ai ta binne."

Na ce, "Ka ga wurin?"

Can ya ce, "Ni tuwon dawa take ba ni. In na ce ina naki, sai ta ce ta riga ta ci." Ya cire hularsa ya rufe fuska da ita.

Ba su bar ni na gan ta ba. Sai sakamakon gwajin ya fito, in ji su.

Asabar, da safe

Jinin bai tsaya ba.

Asabar, bayan la'asar

Sake bugawa. In Amos bai ɗauka ba ki nemi Sa'adiya.

Lahadi, da azahar

An ce ya ragu. Ragu fa aka ce, ba tsayawa ba. Kada ki rubuta tsayawa.

Na kwashe mushe huɗu yau a bayan ɗakin ajiya. Da kaina na haƙa rami na binne su, kamar yadda aka ce. Ban kalli hancinsu ba.

Litinin, bayan la'asar

Awaisu ya dawo. Ya shigo ya tsaya a ƙofar ɗakina yana kallon ƙusar nan. Ya ɗauko guduma ya zare ta. Na ce ƙusa ba ta yi laifi ba. Ya ce shi dai ba ya son ganinta.

Ba wanda ya zo kama shi. Sa'adiya ce ta zo, ta zauna a kujerar wannan karon. Ta ce ta faɗa wa manyansu, daga yanzu ba za a ƙara bari a leda ba. Su da kansu za su zuba, kuma sai sun ga matar gida ido da ido sun nuna mata. Ta ce, "Har da masu zuwa suna Danja." Na ce ta yi mini tsiya, na cancanta.

Na tambaye ta Atu za ta tashi? Ta ce, "Gwaggo, ni duba-gari ce."

Laraba, da hantsi

Sakamako ya fito. Ba ciwon ɓera ba ne. Jinin ya tsaya tun jiya.

Kada ki yi guɗa. Sai na gan ta da idona.

Alhamis, bayan la'asar

Na gan ta.

Ta koma kamar kara, Asma'u. Hannunta duk tabo. Na tsaya a bakin gado na rasa ta inda zan fara. Ita ta buɗe ido.

Ta ce, "Ummu, kin tsufa."

Na ce, "Ke kuma kin yi kyau ke nan?"

Ta so ta yi dariya, tari ya hana ta. Ta ce, "Ruwa bakwai na yi mata. Da toka."

"Na sani."

"Kin faɗa musu."

"Na faɗa."

"Har da ta da?"

"Har da ta da. A gaban Amos ma."

Ta juya fuskarta bango. Na ce shi ke nan, ta cika alkawarinta, ni da ita har abada. Na tsaya ina kallon ƙeyarta. Ina jin masu jinya suna wucewa da kwanuka. Na daɗe a haka.

Can ta ce, ba ta juyo ba, "Zaƙi-zaƙi gare ta fa. Na ce kai, bana gwamnati ta iya iri."

Na zauna a ƙasa ina kuka ina dariya, har wata ma'aikaciya ta leƙo.

Na ce, "Atu, ki yafe mini. Ni na aiko."

Ta ce, "Iri kika aiko, me kika yi? Abinci ne babu, Ummu. Tun watan jiya."

Tun watan jiya. Ni ina nan Funtua, buhuna na wucewa ta ƙofar gidana safe da yamma, ɓeranmu ya ƙoshi har gwamnati na yaƙi da shi.

Likitan ya ce ba a gama ba. Abin yana daɗewa a jiki, sai ta yi makonni tana shan magani, in ta fasa jinin na iya dawowa. Na ce wa Amos in ta yi haɓo ko ɗigo ɗaya, kada ya tambaye ta, ya ɗauko ta kawai. Tambayar Atu ba ta da amfani. Har yanzu in wayarki ta yi ƙara sai in miƙe tsaye.

Da muka dawo na sa Awaisu ya fito da buhun masarar da ke ɗakin ajiya. Fara. Na sa ya kwance bakin, na zura hannuna har gwiwar hannu, na ɗebo daga ƙasa na duba. Fara ce har ƙasa. Na juya tafina na duba. Ba ja.

Lawal zai kai gobe. Na ce masa kada ya bai wa Mati, kada ya bai wa Amos, su za su raba. Ya kai har bakin murhun Atu ya ajiye. In an tambaye shi ya ce ta ci ce, ba iri ba. Na sa ya maimaita, ya ce, "Ta ci ce, Gwaggo." Na ce ya ƙara.

Hadari ne nake ji, ko mota? To kwashe wankin yaran.

A'a, tsaya. Karanta mini farkon, abin da na ce ki fara da shi.

Haka ne. Ban yi da gangan ba. Ki bar shi. Amma ki ƙara a ƙasansa: kwana takwas ɗin nan, su da sanina na yi su.

Na gaji, Asma'u. Gyara mini matashin nan.